Keken jarirai a zafin Damazin: yadda ake kwantar da jinjiri

Keken tura jarirai ya fara shiga gidajenmu a Damazin da Rusairis da ƙauyukan bakin kogi har zuwa Maiwurno. Wani ɗan uwa ne ke aiko da shi daga Saudiyya, wani kuma a gwanjo ake sayowa gabanin suna. Mu da zani da majanyi aka goye mu, don haka babu kakar da za ta zaunar da mai jego ta koya mata wannan abu. Kowa na yi da ka. Kuma abubuwa biyu da aka fi yi saboda tausayi su ne suka fi haɗari: tokare jariri da matashin kai, da lulluɓe keken da mayafi.

Mu fara da kwanciya. Kan jinjiri ya yi wa wuyansa nauyi, ba ya iya riƙe shi sosai sai wajen wata 4, zama kuwa sai wajen wata 6. Hanyar numfashinsa siririya ce, mai taushi. Idan aka kishingiɗar da shi, sai kan ya rinjaya gaba, haɓa ta taɓa ƙirji, hanyar ta lanƙwashe kamar tiyon ruwa da aka naɗe. Abin tsoron shi ne ba lallai ya yi kuka ba. Uwa za ta leƙa ta ce barci yake yi.

Wannan ya faru a ƙasashen da suka riga mu amfani da irin waɗannan kaya. A 2019 kamfanin Fisher-Price na Amurka ya janye wani gadon jarirai mai kishingiɗe, Rock 'n Play, kimanin guda miliyan 4.7, bayan rasuwar jarirai fiye da 30. A 2022 ƙasar ta yi dokar hana sayar da gadon barcin jarirai da karkatarsa ta wuce digiri 10.

Saboda haka, kafin wata 6 jariri a rigingine ake kwantar da shi, a shimfiɗa miƙaƙƙiya mai ɗan tauri, ba matashi, ba bargo a nannaɗe a gefen kai. Maigida, kai ne mai zuwa kasuwa: kafin ka biya, kwantar da bayan keken ka gani. In bai kwanta ɗaiɗai kamar gado ba, na yaro mai zama ne, a ajiye shi sai ya girma. Ka gwada birki, ka duba maɗauri da ƙugiyarsa. Kyawun launi ba ya cikin lissafi.

Sai zafi, wanda ya fi shafarmu. A watannin Maris da Afrilu zafin Damazin kan kai digiri 40 ko ya haura. Uwa na ganin rana da ƙura da ƙuda, sai ta yafa gefen tob ko tawul ta rufe keken ruf. Niyya mai kyau ce, amma iska ta tsaya, ciki ya koma tanda. Masu bincike a Jami'ar Sidni ta Ostareliya sun gwada wannan, suka fitar da sakamako a 2023: busasshen mayafi ya ƙara zafin cikin keken da kusan digiri 4, yayin da siririn ƙyalle mai laima tare da 'yar fanka mai batir suka rage shi da kusan digiri 5. Jinjiri kuma jikinsa bai iya sanyaya kansa kamar na babba ba.

Abin yi shi ne a buɗe rumfar keken kawai, a bar gaba da gefe iska na ratsawa, fuskarsa kuma a inda ido zai gan ta. In za a ɗora ƙyalle, ya zama siriri, a jiƙa a matse, a sake jiƙawa da zarar ya bushe. Don sauro, musamman da damina, gidan sauro mai raga za a sa, a ɗame shi nesa da fuska. Riga ɗaya ta auduga ta isa. Don a san ko ya ji zafi, a taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa, domin tafin hannu da ƙafa sukan yi sanyi ko da jiki ya ɗau zafi. A yawaita ba shi nono. Ruwa kam, ko na dabino ko na jiƙo, a jira wata 6 kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara.

Hanyoyinmu ma ba na keke ba ne. Baƙar ƙasar nan da rani tsagewa take yi, da damina ta zama taɓo, kan jariri kuma ba ya son girgiza. A tafi a hankali, kada a rataya jakar cefane a hannun keken don yana iya tuntsurewa baya, kada kuma a bar wa yayarsa 'yar shekara 6 ta yi ta tsere da shi a tsakar gida. Bakwaini kuwa ƙirjin uwarsa ne wurinsa, fata da fata, har ya yi ƙwari.

In an ɗauko jariri aka ga ya saki jiki, ya ƙi kama nono, numfashi na sauri, fitsari ya ragu, ko jiki ya yi zafi zau, a cire masa kaya a kai shi asibiti mafi kusa a wannan sa'ar, ko da dare ne.