Ƙauyenku Yana Cikin Taswira Kuwa?

A 2012 da 2022 an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, kogin Binuwai ya cinye gonaki daga Yola zuwa Numan har Makurdi. Tauraron ɗan'adam yana ɗaukar hoton ambaliya daga sama, mai aiki da rada kuwa ko hadari ba ya tare shi. Amma hoto bai san sunan ƙauye ba, balle tudun da za a gudu. Masu kawo agaji taswira suke bi, ƙauyen da ba ya ciki yakan sha jira.

Don haka muna so matasanmu su koyi sa ƙauyukansu cikin OpenStreetMap, wayar hannu ma ta isa. Aikin rani ne. Su sa rijiya, makaranta da mashigi, su kuma tambayi dattawa inda ruwan 2012 ya tsaya.