Lambobin da ke gaban sunan manhaja: me suke nufi?

A kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram, mutum kan kai wayarsa wurin mai gyara ya ce a zuba masa WhatsApp, ko abokinsa ya tura masa ta Xender. Kaɗan ne ke duba lambobin da ke gaban sunan manhajar, alhali su ke nuna ko sabuwa ce, ko tsohuwa, ko ma ba za ta hau wayar ba.

Manhajoji da yawa na ɗauke da lamba uku da ɗigo a tsakani, kamar 3.2.7. Ta farko tana canzawa idan an yi babban sauyi, wanda zai iya hana ta aiki da tsofaffin kaya. Ta biyu tana nuna an ƙara wani sabon abu. Ta uku kuwa gyaran kuskure ne, sau da yawa toshe wata kafa da ɓarayin intanet ke shiga ta. Ita ce aka fi rainawa, kuma ita ce ke kare saƙonni da kuɗin da ke cikin waya.

Ɗigon nan ba na lissafi ba ne. 1.10 ta fi 1.9 sabunta, domin goma ce ta biyo bayan tara.

Wasu kamfanoni da kwanan wata suke ƙirga. Ubuntu 24.04 ta fito a watan Afrilun 2024. A WhatsApp, 2.24 na nuna shekarar 2024, 2.25 kuma 2025.

Kalmomin da ke cikin sunan ma suna da ma'ana. Beta na nufin ana kan gwaji. Fayil mai ɗauke da arm64-v8a ba ya hawa wayoyin da ke buƙatar armeabi-v7a, irin da yawa daga cikin masu araha. GBWhatsApp kuwa ba sabon WhatsApp ba ne: ba kamfanin Meta ya yi shi ba, kuma yana iya jawo a rufe wa mutum lambarsa.

Tsohuwar lamba tana da ranar ƙarewa. Tun Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai 5.0 ba. Don haka mai sayen waya ta hannu, kafin ya biya, ya buɗe saitinta ya ga lambar Android da idonsa.