Hanyar Goronyo: yaren baki da yaren titi

Ni Bakano ne. Ranar da furojet ya fara kai ni madatsar ruwan Goronyo, a tasha aka ce min "direba ya zaka". Ina ta zare ido har na kusa rasa kujera. Ashe a Sakkwatanci "zaka" zuwa ne, acaɓa kuma kabu-kabu.

Titi ma da yarensa. In babbar mota ta kunna siginar hagu, ba lallai kwana za ta yi ba. Sau da yawa cewa take kar ka wuce, wata na tahowa. Ganye a kan kwalta kuwa, mota ta lalace a gaba. Wajen Wurno da Rabah, jaki mai kayan albasa bai san hon ba, birki ya sani.

Ɗan'uwa, koyi yaren nan kafin ka hau babur.