Maganin Yaro Bayan Aikin Afendis

Afendis wani ɗan guntun hanji ne kamar ƙaramin yatsa, a ƙasan ciki ta hannun dama. Idan ya kumbura aka yi jinkiri, sai ya fashe, mugunya ta bazu a ciki. Na yara ya fi saurin fashewa.

Likita zai yi aiki, ya cire shi, ya wanke cikin. Amma wanki ba ya kwashe ƙwayoyin cuta duka. Shi ya sa ake ba yaro maganin kashe su. Da farko ta jijiya ake ba shi, yawanci kwana 3 zuwa 5, har zazzaɓi ya sauka, ya fara cin abinci. Bayan sallama, likita yakan rubuta na sha.

A nan ne iyaye kan yi kuskure. Mutum ya taso daga Bagwai yana jinya a Bichi, ko Asibitin Murtala a Kano. Ga kuɗi sun ƙare, ga aikin gona yana jira. Da ɗinki ya bushe, sai ya matsa a sallame su, ko ya ajiye magani. To, bushewar fata daban, warkewar ciki daban. Ƙwayoyin da suka rage suna iya sake tara mugunya, har ta kai ga wani aikin.

Idan zazzaɓi ya dawo, ko amai, ko ciki ya kumbura, ko ɗinki yana ruwa, a mai da yaro asibiti ran nan. Kada a saya masa kafso a kasuwa.