Guntun Katako Ya Fi Sabuwar Ledar Ɗaki Sauƙi

Uwargida, ina kike sauke tukunyar tuwo in ta bar wuta? A gidaje da yawa a Gozaki, cikin ƙaramar hukumar Kafur, bisa leda ko tabarmar roba ake dire ta. Leda ta narke, tukunya ta karkace, ga yaro mai rarrafe a kusa. Mu ma'aikatan jinya mun san yadda ƙunar miya take a hannun jariri.

Tsohon ƙyaure ko karyayyen benci ya isa. Ki kai wa kafinta ya zare ƙusoshi, ya yanko faɗin faifai, ya goge da samfefa. Mai siririn zarto zai iya huda masa dagin Arewa. Hudojin na barin zafi ya fita, ba ado kaɗai ba ne.

Amma ki guji katako mai tsohon fenti, don wani fentin yana da dalma, ƙurarsa kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. Ki aje shi jikin bango, nesa da hanyarsu.

In ƙuna ta faru, ruwa mai sanyi na minti 20, sai asibiti. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai.