Karnuka Uku, Kasko Ɗaya

Yawancinmu manoma ba mu rasa kare a gida, wasu biyu, wasu har huɗu, domin gadin rumbu da awaki, da kuma farauta da rani. Amma inda karnuka suka yi yawa, faɗa ba ya nisa. Mukan ce ai halinsu ne, mu ƙyale su. To, asarar tamu ce. Kare mai karyayyiyar ƙafa ba ya gadi, yaron da ya shiga rabo kuwa shi ne yakan sha cizo.

In mun lura da kyau, faɗan nan a bakin kasko yake farawa. Uwargida ta kankare ƙanzo ta zuba wuri ɗaya, karnuka uku su yi kansa. Mai ƙarfi ya cinye, sauran su kwana da yunwa, gobe su zo da fushi. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. Kowane kare a ba shi nasa kasko, nesa da na ɗan'uwansa, ɗaya a bayan ɗaki, ɗaya wajen rumbu. In sun gama a kwashe kasaken, gama kare yakan yi faɗa ko a kan kaskon da ba kome ciki. Ƙashi kuwa ya fi tuwo haɗa husuma. Ran da aka yi yanka, kada a jefa ƙashi ɗaya tsakaninsu. A hana yara yin haka, ko da yake sukan so kallo.

Sai batun karya. Takan shiga lokacin barbara sau ɗaya ko biyu a shekara, kamar mako 3, sa'an nan mazan gida da na maƙwabta su yi ta yaƙi dare da rana. A kulle ta a ɗaki har lokacin ya wuce. Namijin da ba mu son irinsa, malamin dabbobi ya dandaƙe shi. Wannan yakan rage yawo da kokawa a kan mace, amma ba ya hana faɗan kasko. Karya biyu da suka ƙi jinin juna kuwa, wuyar shiryawa gare su. Gara a ba da ɗaya ga wani gida.

In faɗa ya riga ya kaure, kada kowa ya sa hannu ko ƙafa. A sheƙa musu bokitin ruwa, ko a tura katako tsakaninsu, a raba su har kowa ya huce. Duka bayan faɗa ba ya koya musu kome sai tsoro.

Akwai faɗan da ba na kasko ba ne. Kare mai sanyin hali da ya soma cizon duk abin da ya gani, yana dalalar da miyau, lalle a kulle shi, a kira malamin dabbobi nan da nan, domin mai yiwuwa ciwon hauka ne. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira. In alamun ciwon suka bayyana ga mutum, ba magani.

Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, wadda take can tun 1924, tana yin allurar rigakafin wannan ciwo. Akan yi wa kwikwiyo yana da wata 3, a maimaita kowace shekara. Ƙungiya za ta iya sa rana ɗaya, ta gayyato malamin dabbobi, a haɗa kuɗin motarsa. Kowa ya zo da nasa karnukan a ɗaure, a tsaya nesa nesa.