Masu Saƙar Tabarma a Ƙasar Dakoro

A ƙasar Dakoro, arewa da Maraɗi, mai sayen tabarma da ya san abin da yake yi ba ya fara taya ta. Warware ta yake yi a ƙasa, ya ja baya ya duba. In ta kwanta lumui, sai a shiga ciniki. In gefe ya ɗaga ko tsakiya ta yi tozo, ya wuce gaba, komai kyan rininta.

Kaba ake saƙawa, wato ganyen ƙaramar goriba, kuma Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasashen Tasawa da Mayahi da kudancin Dakoro, daga ita ya samo sunansa. Galibi aikin mata ne, an fi yinsa da rani bayan an kai hatsi rumbu. A yanko kaba, a shanya, a tsattsage ta siri-siri, a rina wadda za a rina, sannan a yayyafa mata ruwa ta yi laushi. Ba a saƙa tabarma gaba ɗaya. Doguwar saƙa ake yi mai faɗin tafin hannu ko fiye, daga baya a jera a ɗinke.

To, a nan gwanar take bambanta da 'yar koyo. Kabar da ba ta gama bushewa ba tana motsewa bayan saƙa, ta ja maƙwabciyarta, tabarma ta murɗe. Tsagin da wani ya fi wani kauri, shi ma haka. Amma babban mai laifi ɗinki ne. Yarinya mai sauri takan matse zare a nan, ta sassauta a can, kuma ranar da aka gama ba a ganin komai. Sai hunturu ya busa ta tukuna aibin ya fito. Shi ya sa uwa kan sa 'yarta ta kwance ɗinkin yini guda ba tare da tausayi ba, kuma a ganina tana da gaskiya.

Wadda ta riga ta tanƙware ma tana da magani. A yayyafa ruwa kaɗan, a kife ta a inuwa, a ɗora mata turmi ko buhun hatsi ta kwana. Tabarmar kunya ce kawai ake naɗewa da hauka. Ta kaba a hankali ake naɗe ta, a jingine inda gara ba ta kaiwa. Ninkewa karya ta take yi.

Kafet da darduma da suka cika ɗakunan amare yanzu, in sun tanƙware su ma da tasu dabarar: a naɗe su ta baibai, a bar su su ɗan sha hantsi, a shimfiɗa a danne. Kada a kuskura a ɗora dutsen guga kai tsaye, don yawancinsu zaren roba ne, narkewa yake yi. Bayan wanki a shanya su a kwance, kada a rataya bisa katanga.

Damuwar masaƙa biyu ce. Tabarmar roba ta kamfani ta cinye musu kasuwa, ga yawan yankan kaba yana hana goriba tashi ta zama itace. Mai karatu, in ka shiga kasuwa, ka warware ta kaba ka gani, in ta kwanta ka biya kuɗinta ba tare da ka karya mai ita ba.